Babur ɗin da Na Sayar a Takarda

Na amsa laifina: na taɓa sayar da babur ɗin maƙwabcinmu bai sani ba. Baba ne zai sayar da nasa, na ce kada a kira kowa, Faransancina ya isa rubuta takardar ciniki. Babura biyu ne a ƙofar shagonmu a Titin Koudoukou. Na tsuguna, na kwafi lambar wanda ya fi sheƙi.

Washegari sojoji suka tsare mai sayen a shinge, wai ɓarawo ne. Tunda Baba ya sa hannu, shi ya wuni yana rantsuwa kafin su sake shi.

Har yau in na wuce, masu taksi-moto sai su ce, "Ku rufe lambobinku, ga Akawu nan."