Koke Kan Hoton da Ya Zo da Tsawo

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin ɗaukar hoton shafukan intanet, gwanin da ba ya ƙyafta ido.

Bayan gaisuwa da fatan injinanku suna cikin ƙoshin lafiya, ni ce Morenike, matar Folarin, wanda yake rubuta manhaja a nan Yaba. Wata bakwai ke nan da aurenmu, kuma kullum ƙarfe bakwai na safe, yana cikin motar haya, hoton wasiƙar soyayya yake shigowa wayata. Na sha ajiye littafin da nake karantawa don tausayin jarumar, wadda sai ta yi babi goma kafin a rubuto mata layi biyu.

Ranar Talata hoton ya zo da tsawo kamar zanin gado. Ƙawata Bisola, wadda suke sana'a ɗaya da Folarin, ta duba ta ce, "Ke amarya, shafi ɗaya mijinki ya cika da wasiƙu tun tuni. Inji ke ɗaukar ta ranar ya turo miki. Yau dai ya ɗauko har ƙasa." Ta yi dariya har miya ta sarƙe ta.

Ga kokena cikin ladabi.

1. Wa ya roƙe ku wannan ƙwazo? Saman shafin kawai aka saba ɗauka. A Legas ɗin da ba a gama kwalta, ku ne za ku gama aiki?

2. Yanzu na san ranar haihuwata zai ce idona ya fi fitilun gadar Eko haske. Saura wata biyu. Da wace fuska zan yi mamaki?

3. Akwai ban haƙuri guda huɗu, kowanne da kwanan watansa. Na ranar sha huɗu ga Yuni ma cewa yake, "Moreni tawa, Mama ba haka take nufi ba." Ranka ya daɗe, surukata ba ta ce komai ba tukuna. Jiya ta kawo mini doya, na karɓa ina hararar baiwar Allah.

4. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Wasiƙun sun ƙare ranar tara ga Nuwamba. Ƙasa da ita fari fat. Bisola ta ce injinku yakan gaji ya yanke shafi in ya cika tsawo, amma da ta faɗa ba ta kalle ni ba. Folarin kuwa ban tambaye shi ba. Ya dawo ya ci amalarsa, ya ce, "Yau kin ga saƙona?" Na ce na gani.

Don haka ina roƙon Mai Girma a duba mini. Idan ku kuka yanke, ku turo sauran, na yafe muku duk na sama. Idan kuwa nan shafin ya tsaya, kada ku wahalar da kanku da amsa.

Taku mai biyayya, a durƙushe har ƙasa,
Morenike Adelugba
Yaba, Legas