Rasuwar Ƙi-Zame, Takalmin Hawan Dutsen Sista

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, wanda har yanzu fushi ya fi yawa a cikinsa, Sista ta ɗakin masu karaya a asibiti take sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da maƙwabta, da kuma waɗanda labarin ya yi wa daɗi, rasuwar takalminta na hawan dutse, wanda aka fi sani da Ƙi-Zame. Ya rasu ranar Asabar da ta gabata da hantsi, a tsakiyar hawa, yana bakin aikinsa. Ba tsufa ne ya kashe shi ba. Kashe shi aka yi, kuma wanda ya kashe shi ko jiya sai da ya shigo gidan ya ci abinci, har da neman ƙari.

Ba a san inda aka haifi marigayin ba. Sista ta same shi ne a kasuwar gwanjo shekaru da dama da suka wuce, ƙafar dama a ƙarƙashin tulin takalman yara, ta hagu kuma can a rumfar wani ɗan kasuwar, sai da ta sha rana kafin ta haɗa su. Ruwan ƙasa ne, fatarsa mai kauri, igiyarsa ja, tafinsa da haƙora irin na tayar babur. Tun ranar da ta saka shi bai taɓa ci mata ƙafa ba. Bai taɓa tambayar ta ina za ta ba, bai taɓa tambayar ta wa zai dafa abinci ba, kuma bai taɓa cewa a ƙara masa gishiri ba. A gidan nan dai, shi kaɗai ke da wannan shaida.

Aikinsa na ranar Asabar ne. Gari na wayewa, shi da Sista sun hau motar haya sun nufi bayan gari, inda kwalta ta ƙare. A nan suke haɗuwa da ƙawayenta, Ungozoma da Malamar Lissafi, su bi ta bayan tankin ruwa, su tsallake rafi, su kama hanyar tsauni. A kan tsakuwa muryarsa ƙaras-ƙaras ce, ba gaggawa, ba kasala. Idan an hau falalen dutse kuma, ƙafar hagu takan yi wani ɗan ƙiiƙ, wanda na baya suke ji su san gaba lafiya. A can sama ake kwance masa igiya ya sha iska, ƙawaye su sha shayi daga fulas, su dubi garin a shimfiɗe. Daga wurin ana hango rufin asibiti ɗan mitsitsi, amma gidan Sista ba a hango shi ko kaɗan, kuma wannan ne babban alherin wurin. Mako guda tana juya majinyata, tana jin ihun masu ɗauri, ta dawo gida ta tarar da tukunya na jiran ta. Wannan safiyar guda ce tata, kuma marigayi ne yake kai ta.

Kamar kowane mai alheri, ya rayu cikin maƙiya. Ranar Asabar ce dangin Maigida suke taruwa a gidan su yini, saboda haka duk lokacin da Sista take sama, akwai masu zaune a falonta suna duban agogo. Hajiya, uwar mijinta, ba ta taɓa wuce marigayi a bayan ƙofa ba tare da ta yi tsaki ba.

"Mace da 'ya'ya uku, ki rasa abin yi sai hawan dutse? Me kika ajiye a can, 'yar nan?" Haka take cewa kusan kowane mako.

Sista takan ce, "Hankalina na ajiye a can, Hajiya, shi nake zuwa ɗaukowa."

Cutar ajali ta kama shi ne ranar Laraba, Sista tana wurin aiki. An yi ruwa mai ƙarfi, kwatar ƙofar gida ta toshe, ruwa ya fara shigowa zaure. Maigida ya ce wa ƙaninsa Auta ya fita ya yashe. Auta, ga wanda bai san shi ba, shi ne ƙaton da yake zaune a ɗakin waje tun da ya gama makaranta, ana jiran aiki ya zo ya same shi a kan katifa. Yana da takalma, har da farare da yake gogewa da buroshin haƙori, amma bai ga wanda ya dace da kwata ba sai na matar wansa. Ƙafarsa ta ƙi shiga, don ƙafar mace ba ta gardi ba ce. Mai hankali sai ya ajiye. Auta kuwa take dunduniyar ya yi, ya mai da takalmin hawan tsauni silifas ɗin shiga bayi, ya tsunduma da shi cikin baƙin ruwa.

Da abin ya tsaya nan, da marigayi ya sha wulaƙanci ya rayu. Kowa a gidan ya san ba a wanke shi. Ana barin laka ta bushe ne, a kakkaɓe da buroshi, a shafa masa mai, a ajiye a inuwa. Amma mai laifi yana sauri. Auta ya jiƙa shi a tafasasshen ruwa da garin sabulu, ya dirje, ya ɗora shi a kan janareta daidai inda hayaƙi ke fita, wai ya bushe kafin mai shi ta dawo. Zafi ya ratsa shi, tafin ya buɗe baki. Sai aka aika aka sayo gam, aka manne, aka shafe da man takalmi, aka mayar da shi bayan ƙofa yana ta ƙyalli. Maƙwabciya mai shagon ɗinki, wadda tagarta ke kallon tsakar gidan, ta shaida cewa ba Auta kaɗai ba ne a wurin. Ta ce Maigida da hannunsa ya ɗauko tukunyar gas ya danne takalmin don gam ya kama. Mutumin da ake kwana ɗaki ɗaya da shi ke nan, kuma har Asabar bai ce uffan ba.

Ran Asabar Sista ta ga ƙyallin, har ta ji daɗi, ta zaci a ƙarshe wani a gidan ya tuna da ita. An tsallake rafi lafiya. An kai falalen dutsen nan mai gangara da ƙawayen suke kira Allo, wanda a ƙasansa kwazazzabo ne, ta saurara ba ta ji ƙiiƙ ba. Abin da ta ji shi ne faƙat. Tafin dama ya rabu da jikinsa gaba ɗaya, ya gangara ya tafi. Sista ta zube a kan gwiwa tana zamewa, Allah ya sa Ungozoma tana kusa, ta cafki jakar bayanta, Malamar Lissafi ta cafki Ungozoma. Saura ƙiris matar da ta ƙare rayuwarta tana ɗaure karayar mutane a kai ta ɗakinta a kan gadon tura marasa lafiya. Da bandeji aka naɗe gawar a ƙafarta aka sauko, kuma kafin a kai tankin ruwa ƙafar hagu ta marigayin ma ta bi 'yar'uwarta.

Duk da haka ba a fid da rai ba, an garzaya da shi wurin mai gyaran takalma na bakin tasha. Dattijon ya juya shi, ya matsa fatar, ya shinshina, ya ajiye a hankali.

Ya ce wa Sista, "Hajiya, wannan ba lalacewa ya yi ba, dafa shi aka yi. Ko na ɗinke, fatar ba za ta riƙe zare ba. Sai haƙuri."

Da aka tsare Auta, dariya ya yi, yana sosa ƙeya.

"Haba matarmu, a kan tsohon takalmi? Ai ni da ke wasa ne tsakaninmu."

Sista ta ɗaga masa gwiwarta da ta kumbura, ta ce, "To ga wasan nan, zo ka yi dariyar a kusa."

Amma ba maganar Auta ce ta fi ƙona mata rai ba, don ba a tsammanin hankali daga wurinsa. Ta Maigida ce. Ya zauna a bakin gado, ya sassauta murya irin ta masu ta'aziyya.

"Ki yi haƙuri, Maman yara. Wa ya sani, wataƙila ma alheri ne. Kin ga yanzu sai ki riƙa hutawa a gida ranar Asabar."

Hutun da yake nufi, Sista ta san shi, yana da murfi da ludayi. Washegari kuwa sai ga saƙo daga Hajiya cewa Allah ya raba ta da wahala, kuma wannan Asabar ɗin za ta zo da ƙannenta mata, tunda yanzu matar gida tana nan. Gawa ba ta ko huce ba, har an fara rabon gado.

Marigayi ya bar safa biyu masu kauri, da jar igiya wadda ita kaɗai ta fita lafiya, da fulas ɗin shayi, da jakar baya da ta ceci rai, da kuma mai shi, wadda take ɗingishi amma idonta a bushe. Tafin dama yana can cikin kwazazzabo, ba a samo shi ba.

Ana godiya ga Ungozoma da Malamar Lissafi, da maƙwabciya mai shagon ɗinki, Allah ya ƙara wa tagarta faɗi. Ana kuma sanar da wanda ya shigo da leda shekaranjiya ya ajiye a kan madubi, cewa an buɗe, an ga takalmi mai tsini mai duwatsu masu walƙiya, an kuma fahimci saƙon. Yana nan a ledarsa, a zo a ɗauka.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a yi masa salla ba, takalmi ne, mai shi tana fushi amma ta san iyakarta. Ba za a yi masa wanka ba, an riga an yi masa wanda ya ishe shi. Za a ɗauki gawar daga gida ranar Asabar mai zuwa, gari na wayewa, a hau motar haya zuwa inda kwalta ta ƙare. Sista da kanta za ta goya shi har sama, da kambas ɗin aro na Malamar Lissafi, wanda ya yi mata yawa, amma za a cike da safa. A can za a binne shi, a gindin dutsen da ake shan shayi.

Ba za a karɓi gaisuwa a falo ba, ba a waya ba, ba ta bakin ɗan aike ba. Duk mai son yin ta'aziyya ko neman gafara, ya hau ya same ta a inda aka binne shi, hanyar ba ta da ƙofa. Baƙin da suka shirya zuwa yini ranar, ana yi musu maraba, Maigida da Auta suna nan, kuma an tabbatar sun iya ɗaga tukunyar gas.

Maigida ya tambaya, cikin ladabi, ko wannan shi ne hawa na ƙarshe. Ana sanar da shi da sauran dangi cewa zaman uku, da na bakwai, da na arba'in, da na shekara, duk a can sama za a yi su, kuma bisa lissafin mai makoki, dukkansu ranar Asabar suka faɗo.