Ranar da Albasa Ta Ƙaddamar da Ƙofata

Ko na tsufa haƙora sun zube, ba na jin zan manta da ranar da aka buɗe sabuwar ƙofar tasharmu a Jega. Ni na zana ta. Ina faɗin haka yanzu ne da ƙaramar murya.

Lokacin na gama difiloma a zanen gine-gine, shekara biyu ina zaune ba aiki. Sai na bi motar kaya zuwa Legas sau ɗaya tak, na ga wata tashar zamani mai hawa-hawa, da gadar sama, da kujerun jira, da allon da ke nuna motar da za ta tashi. Aka ce mini da can wurin taɓo ne da 'yan sane. Na dawo gida ba wanda ya ƙara samun sakat. Ko gaisuwar mutuwa na je, sai na san yadda na yi na sako zancen tashar nan (Allah ya yafe mini).

Tasharmu kuwa ba wanda ya taɓa zana ta, ita ta zana kanta. Motocin Maiyama suna lodi a gindin darbejiya saboda can direban farko ya sami inuwa. Na Aliero suna kusa da mai tuwo, don nasu direban farkon mutum ne mai son cikinsa. Shiga kuwa ta ko'ina ake yi, har ta bayan masallaci.

Da ƙungiyar direbobi ta tashi gyara, shugabansu, wanda ƙanin mahaifiyata ne, ya kira ni.

"Ɗana, tunda ka ishe mu da Legas, ga hili ga doki ba zan ce ma ba, aiki dai za ka yi. In yay yi kyau, ni da kaina zan kai ka ga mutanen Maiyama, su ma gyara sukai."

"Kawu, ka ɗauka an gama," na ce, har da bugun ƙirji.

Aikin farko a rayuwata ke nan, kuma na biyu yana jira a bayansa. Na zana ƙofar shiga guda ɗaya, ta ƙarfe, da baka a sama, an rubuta BARKA DA ZUWA da shuɗin fenti. Na sa aka toshe sauran hanyoyi da bulo. Ban yi aikin da ka ba, wallahi, sai da na ɗauki tef na auna tsayin mota, na ƙara taƙi biyu don tsaro. Wani tsohon ɗan kamasho, Baba Nomau, ya tsaya yana kallona ina awo. Ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu na ce, "Baba, wannan lissafi ne." Ya rufe bakinsa ya koma kan benci.

Motar da na auna, ranar Talata na auna ta, ba ranar kasuwa ba, kuma ba ko tsinke a kanta.

Aka sa bikin buɗewa ranar kasuwa don a sami jama'a. An jera kujerun roba, manyan baƙi sun zauna, ni kuwa na ci sabuwar shadda, na ɗora hular kwano ta injiniyoyi da na aro (ta yi mini yawa, sai da na cusa hankici a ciki). Aka miƙo mini lasifika. Na yi bayanin tarihin tashoshin duniya kamar da ni aka gina su. Na ce daga yau mun bar zamanin darbejiya. Har tafi aka yi mini.

Sannan Kawu ya ce a bar motar farko ta shigo.

Sai ga ta daga hanyar Aliero, tana tafe tana rangaji. Ƙasa mota ce, sama kuwa buhunan albasa ne hawa uku, an ɗaure da igiya, tsayin kayan ya fi na motar. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san haka motar Aliero take zuwa kasuwa. Ni ma na sani. A lokacin ne kawai na tuna.

Na so in yi ihu, sai lasifikar ta yi ƙara. Direba ya ga taro yana tafi, ya ɗauka shi ake yi wa, ya ƙara wuta.

Ƙarar da ta biyo baya har a unguwar Firchin an ce an ji ta. Bakan ya tsinke daga gindinsa ya zauna a kan kayan, motar ta shigo da BARKA DA ZUWA a ka kamar ɗan kwali. Buhuna suka fashe. Albasa ta yi ta gangarowa har ƙarƙashin kujerun manyan baƙi, wani mai babbar riga ya taka ɗaya ya tafi da baya. Awakin tasha, da ba a gayyace su ba, suka iso kafin kowa ya miƙe.

Ƙofar gaban motar ta buɗe, mai kayan ya sauko a hankali yana gyara hula. Mahaifina ne.

Ya dubi albasarsa ta noman wata huɗu a ƙasa, ya dubi ƙarfen, ya ce, "Wa yay yi wanga aiki?"

Sai mutane suka juyo gaba ɗaya suna kallon mai hular kwano.

Ya tako har gabana. Bai ɗaga murya ba, amma na manta ban kashe lasifikar ba, don haka tasha duka ta ji.

"Da albasa nib biya ma makaranta. Shi ne kay yo ƙohwar da albasa ba ta shiga?"

Na cire hular, na naɗe shaddata, na durƙusa ina tsintar albasa har la'asar. Hawaye na yi sosai, kuma na ji daɗi da aka ɗauka albasar ce.

Mutanen Maiyama sun aiko wa Kawu cewa sun gode, darbejiyarsu ta ishe su. Ni kuwa yanzu gidaje nake zanawa, kuma ko ƙofar banɗaki za a yi, sai na tambayi mai gidan me ya saba ɗaukowa a ka.