Kular Masar da ta Tona Ni a Kebbe

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da na tafi Kebbe don in ɓoye kaina ba, alhali abin da zai tona ni yana kan cinyata tun daga tashar Tambuwal.

Shekara bakwai ina fama da wata lalura da ko maigidana bai sani ba. Sai in faki idon mutane in ci abinci har in kasa numfashi, daga baya kunya da tsoron ƙiba su rufe ni, in je in amayar. Da haƙorana suka fara lalacewa ne na kai kaina asibiti, aka haɗa ni da Sista Rabi, ma'aikaciyar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ita ta gaya mini sunan abin, bulimiya, ta ce babban maganinsa magana ce. Akwai zaman ni da ita kaɗai, akwai kuma na taro, inda mata masu irin lalurar ke haɗuwa.

Kafin ta rufe baki na zaɓi na mu biyu. Ni malamar firamare ce, rabin garin nan na Tambuwal sun san ni, ɗaya rabin kuma dangin mijina ne. Babban tsorona shi ne maganar ta kai kunnen Yaya Kulu, yayar maigidana, wadda ko gishiri ya yi yawa a miyarki sai gida uku sun ji labari.

Zaman mu biyun ya taimake ni ƙwarai. Na koyi cin abinci a kan lokaci, na fara gane abin da ke tayar mini da ciwon. Amma bayan wata huɗu Sista ta ce, "Malama, kullum kina ce mani ke kaɗai ta mai wanga abu duk duniya. Ni ba ni iya ƙaryata ki, don bai taɓa samuna ba. Ki zo taro ki ga wasu." Tana da taro ɗaya a Tambuwal, ɗaya a Kebbe. Na ce Kebbe, mana, wa ya san ni can?

Na yi shiri kamar mai zuwa leƙen asiri. Na ari niƙabi, na sa safar hannu, na raɗa wa kaina suna Hajara, na kwana biyu ina gwada Hausar Kano irin ta rediyo. Sai tarbiyya ta yi mini tsaye. Mahaifiyata ta hore ni cewa mace ba ta zuwa taron mata hannu rabbana. Don haka na tashi da asuba na soya masa sittin, na haɗa da miyar taushe, na cika babbar kulata. (Eh, na sani. Taron masu fama da cin abinci. Wallahi ko sau ɗaya abin bai zo mini a rai ba.)

A wani ɗaki na asibitin Kebbe na tarar da mata shida a kan tabarma, uku cikinsu da niƙabi kamar ni. Na yi sallama da muryar aro, na dire kula a tsakiya, na buɗe da alfahari. Ƙamshi ya cika ɗaki. Wata matashiya ta juya fuskarta bango. Sista Rabi, wadda ta gane ni sarai amma ta rufa mini asiri, ta ce a hankali, "Baiwar Allah, mun gode, amma nan ba a kawo abinci."

Na rufe kular, na juya ta zan janye. Juyawar nan ce ta gama da ni. A garinmu kowace mace tana rubuta sunanta da jan farce a jikin kularta, don kada ta salwanta a gidan biki. Tawa ba sunana kaɗai ba, har da na mijina da unguwarmu, da manyan baƙaƙe, kuma ga shi na juya su suna kallon jama'a.

Duk da haka ban saduda ba. Na ce, "Sunana Hajara, daga Kano nake."

Sai wata mai niƙabi a kusurwa ta zabura. "Hajara ta ina? Wagga kula ni na rubuta mata suna da hannuna, ran da munka yi sunan Abba!"

Abba ɗana ne. Muryar kuwa ko a mafarki na san ta. Yaya Kulu ce. Tana gama faɗa ta dafe bakinta ta kan niƙabi, don sai a lokacin ta tuna inda take ita ma, da abin da ya kawo ta. Na so ƙasa ta tsage in shige. Matashiyar nan ta bango ce ta fara ƙyalƙyalewa, sai ɗaki ya ɗauka, har Sista tana share hawaye. Masar dai masu jinya a waje suka ci rabonsu.

Mota ɗaya muka shiga zuwa gida, kula a tsakaninmu. Mun yi nisa kafin ta ce, "Amarya, shekara nawa da wanga abu?" (Shekarata tara da aure, har yau haka take kirana.) Na ce bakwai. Ta ce, "Ni sha ɗaya. Duk faɗan da nika yi maku bisa miya, tsoron tukunyar nika ji." Nan na fashe da kuka, kukan da ban taɓa yi a ofishin Sista ba, ita ma ta taya ni.

Har yanzu ina zuwa zaman mu biyu, ina kuma zuwa taro. Ban warke sarai ba, amma na yi nisa. Duk ranar biki ko Sallah, da an gama cin abinci Yaya Kulu za ta ce, "Amarya, zo ki taya ni tsintar wake." Sai mu zauna muna tsintar waken da ba wanda zai dafa, har abin ya lafa mana mu duka. Maganar kuma ba ta taɓa fita daga bakinta ba, matar da ba ta iya riƙe labarin gishiri.

Abin da na koya shi ne, in za ki ɓoye fuskarki, ki fara duba jikin kularki. Ni dai ban goge rubutun tawa ba.