Rasuwar Gimbiya, Motar Alkasum Direba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ba a samun mai taya ka ɗauka, Alkasum direba na Dogarawa yana sanar da 'yan tasha rasuwar ƙaramar motarsa, Gimbiya. Rai ya yi halinsa ranar Alhamis da hantsi, a gangaren shiga Badaguishiri, tana ɗauke da mutum bakwai da buhun albasa biyu. Da tsufanta ta zo hannunsa, ta yi shekara takwas ba ta taɓa kwanar da shi a daji ba.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha man kwalba na bakin iyaka, mai kyau da gauraye, ba ta taɓa yin yaji ba. Aibinta ɗaya, rawar jiki. In ya tada ta da safe sai ta ce "gir-gir-gir", injin yana kaɗawa kamar mai masassara, in ya sa giya ta ce "kwas". Fasinja su yi ta dariya. Shi kuwa, tun da matarsa Tsahara ta rasu, 'ya'ya suka watse Kwatano da Agadas, wannan ce kaɗai muryar da ke amsa masa a gida. Da ita yake gane ko ƙishirwa take ji, ko wani noti ne ya kwance.

Gata ne ya jawo ciwon ajalin. Makanikan Konni sun daɗe suna gardama kan ƙara wa ƙaramar mota madogari a ƙasan inji don ya bar tsalle. Dattijonsu Ishaku ya ce mai shekarunta a canza mata robobinta na asali, a ƙyale ta. Amma Alkasum ya gaji da ba'ar tasha. Ya kai ta Malbaza wurin mai waldar da ya saba da manyan motocin siminti, aka yanko ƙarfen tirela aka liƙa tsakanin inji da ƙasan mota, ba ko ɓarɓashin roba.

Tsalle ya tsaya cak, aka yi ta yi masa barka. Sai wani ɗan "zuuu" a sitiyari da bai san fassararsa ba. Ashe girgizar ta koma ciki ne, wata huɗu tana cin ƙarfen da tsatsa ta riga ta gama da shi. Da an bar ta da bakinta, da tun makon farko ta faɗa masa. Shi ya rufe mata baki, da hannunsa ya kai ta, abin da ke hana shi cin tuwo ke nan. Ranar Alhamis ɗin ta ce "ƙas" sau ɗaya, ƙasanta ya tsage, inji ya zube.

Ta rasu ta bar taya huɗu, babu biyu 'yan gida ɗaya, da rediyo mai kama tasha guda, da madogarin nan da ko lanƙwasa bai yi ba. Mai son sanin amfaninsa ya zo ya gani da idonsa.

Gawa tana ƙofar gida, gindin itacen bedi. Laraba bayan azahar babbar motar Rabilu za ta kai ta wurin masu sayen tsohon ƙarfe a Konni. Ba a buƙatar goro ko dabino. Ana dai roƙon mutum huɗu su zo a kama a ɗora ta. Alkasum ya zauna yana tunanin wa zai kira, ya tarar duk waɗanda ya saba da su fasinja ne, kuma tun Juma'a suka koma wata mota.