Alhaji Maitirela da Hawan Jirgi

Ni fa ganau ne, ba jiyau ba, don kujerata tana bayan tasa. Ranar wata Laraba ce cikin bazara, ƙarfe biyu na rana, irin zafin nan na Kano da ko ƙadangare neman inuwa yake. Jirgin Legas ya cika maƙil. A gabana akwai wani Alhaji Ɗanlami Maitirela, mutum ne cikakke, kujera ɗaya ta yi masa kaɗan. Shekara talatin ya yi yana jan babbar mota kafin ya sayi tasa, kuma tun kafin a rufe ƙofa duk wanda ke kusa ya san haka. Kusa da shi an zaunar da wata dattijuwa, Gwaggo Asabe, za ta je ganin 'yarta da ta haihu. Hawanta jirgi na farko ke nan.

Jirgi ya yi gudu, ya yi gudu, da ƙyar ya rabu da ƙasa. Can sai ƙarar injin ta ragu, kamar yadda takan ragu in an tashi. Alhaji ya dafe kujerar gabansa.

"Innalillahi! Ya saki totur! A tsakiyar hawa ake sakin totur? Wane ne ya ba wannan lasin?"

Gwaggo ta damƙe carbinta. "Alhaji, lafiya dai ko?"

"Ina lafiya, Hajiya! Leƙa ki gani, har yanzu ina hango awakin mutane. Wannan ai ba tashi ba ne, rarrafe ne."

Jim kaɗan matuƙin ya yi magana ta lasifika, murya a kwance kamar mai karanta labarai. Ya ce sunansa Kyaftin Bilyaminu. Ya ce iskar zafi ba ta da kauri, ga jirgi ya yi nauyi, don haka a hankali za a hau. Kuma masu ba da hanya sun ce ya dakata a inda yake sai wani jirgi da ke samansu ya wuce.

"Kun ji ko?" in ji Alhaji, yana waiwayo mu. "Iska ce mai laifi. Sama duk faɗinta wai an yi cunkoso. To Allah Ya kai mu, in da rabon a kai."

Ai kuwa Gwaggo ta fashe da kuka. Ta kama hannun ma'aikaciyar jirgi tana cewa a gaya wa 'yarta ta yafe mata, ɗan kunnenta na zinare kuma na jaririya ne. Wani bawan Allah a gefena da tun ɗazu yake barci ya farka ya kama salati bai san dalili ba. Ma'aikaciyar ta roƙi Alhaji ya sassauta murya, ya ce ita yarinya ce, me ta sani game da inji. Da ƙyar aka lallashi Gwaggo da ruwan sanyi. Jirgi kuwa ya ci gaba da hawansa sannu sannu har gajimare ya koma ƙarƙashinmu, muka sauka Legas ko girgiza babu.

Wajen fita, ga Kyaftin tsaye a bakin ƙofa yana sallamar mutane. Ashe labari ya riga ya kai masa. Alhaji ya toshe hanya da babbar riga, mu duka muna jere a baya da jakunkuna.

"Kai ne direban?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Sannu da hanya."

"Yaro, ka taɓa jin Hawan Kibo? Sau ɗari na hau shi da tirela cike da siminti, ban taɓa sa fasinja kuka ba."

"Allah Ya ƙara basira, Alhaji. Mu kam muna koyo."

"To bari in koya maka kyauta. In mota ta yi nauyi ta ƙi hawa, ba surutu ake wa mutane a lasifika ba. Dubawa ake a ga kayan da ya fi nauyi, ya fi rashin amfani, a sauke shi a gefen hanya."

Kyaftin ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya ɗan rusuna cikin ladabi.

"Wallahi mun duba, Alhaji, mun kuma gano shi. Ƙofar ce ba ta buɗuwa a sama, shi ya sa ka iso tare da mu."