Darakta da Wayar Mita Hamsin

Idan ana lissafa gwanayen ƙwallon da duniya ta yi wa rowar tafi, dole a fara da Darakta. Bawan Allah nan bai taɓa faɗuwa wasa ba. A lura, ban ce ba ya shan ƙwallaye ba, wannan kam yana sha kamar an aiko shi. Amma faɗuwa? Allah ya sawwaƙe. Intanet ce take faɗuwa, shi kuwa yana nan a kujerarsa da mutuncinsa.

Daraktancin ma ba na wasa ba ne. A ma'aikatar da ya yi ritaya, ya taɓa riƙe ofishin mataimakin daraktan sayayya har na kwana goma sha ɗaya, lokacin da mai kujerar ya tafi jinyar haƙori. Kwanakin nan sun ishe shi guzuri har ƙarshen rayuwa. Tun daga nan ko tsintsiya za a saya a gidansa, sai an kawo samfuri uku ya duba.

Da ya bar aiki ya addabi kowa da binciken ɗakin ajiya, sai babbar 'yarsa ta saya masa na'urar wasa ta haɗa masa da talabijin, ko uwargida ta samu ta sarara. Duk yammacin Asabar yana buga ƙwallo ta intanet da ƙanin matarsa, wani tela da ke can ɗaya gefen gari. Duk yammacin Asabar kuma telan nan yana lallasa shi.

"Na danna!" haka za ka ji Darakta yana ihu, yana nuna wa talabijin madannin. "Wallahi na danna tun ɗazu! Saƙon ne ya tsaya a hanya. Ba tela ne ya ci ni ba, jinkiri ne."

A kusurwar allon akwai wata 'yar lamba mai nuna tsawon lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. Tasa kullum ja ce, tana yawo wajen ɗari da tamanin, saboda ta waifai yake wasa, wato intanet marar waya. Darakta yana zagin lambar nan a baki, amma a zuci babu aminin da ya kai ta. Ita ce ke rufa masa asiri.

Dangin uwargida kuwa sun sa shi a gaba a dandalin iyali na waya. Kowace Asabar sai wani ya turo tambayar ko nawa aka sha yau. Ran nan abin ya kai shi wuya, ya ɗauki waya ya yi sanarwa da muryar taro. Ya ce zai sa wayar intanet kai tsaye daga akwatin intanet ɗin gidan zuwa na'urar, jinkiri ya ƙare. Bayan haka za a yi wasa ɗaya tak a gaban shaidu, wanda aka ci zai turo saƙon murya a dandalin ya ce, "Ya fi ni." Tela ya amsa da kalma ɗaya: "To."

Washegari aka kafa kwamitin zaɓen waya a teburin cin abinci. Darakta ne shugaba, shi ne sakatare. Uwargida 'yar kallo ce marar ƙuri'a. 'Yar tasa kuwa, wadda sana'arta ke nan, ja wa ofisoshi wayoyin intanet, an gayyace ta a matsayin mai ba da shawara, wato wadda za a saurara a ƙi.

"Baba," in ji ta, "tsakanin akwatin da na'urar mita biyu ne. Waya mai lamba shida, gajera, ta wadatar. Akwai ma guda a jakata."

Darakta ya cire tabarau a hankali, yadda manya ke yi kafin su ceci ƙasa.

"Ke 'yar nan, ina alfahari da karatunki. Amma akwai abin da makaranta ba ta koyarwa. Wayar jaka? Ni? Mutumin da ya sa hannu aka sayo kujeru arba'in rana ɗaya? Ba waya nake nema ba, babbar hanya nake nema. Kwamiti ya ji shawararki, kwamiti ya gode."

Ya rubuta a takarda cewa an tattauna sosai.

A shagon kayan kwamfuta, mai shagon ya tambaye shi nisan wurin da ƙarfin intanet ɗin gidan, sannan ya miƙo masa irin wayar da 'yarsa ta faɗa. Darakta ya kalle ta kamar an miƙo masa igiyar takalmi. Ya sa aka sauko da duk abin da ke kan kanta. Ya auna wannan a tafin hannu. Ya shinshina waccan. Ya kara wata a kunne ya yi shiru, ya girgiza kai ya ce tana da hayaniya. Can ya hango wata jibgegiya a lungu, baƙa, mai kaurin tiyon gas, bakinta ruwan zinariya, an rubuta lamba takwas a jikinta.

"Yallabai, wannan ta manyan ɗakunan na'urori ce," in ji mai shagon. "Kuma mita hamsin ce. Ba za ta ƙara maka komai a falo ba."

"Yauwa, hamsin ɗin nake so," in ji Darakta. "Ka taɓa ganin ɗan wasa ya buga fenareti daga tsaye? Sai ya ja baya ya taho da gudu. Haka saƙo yake. A mita biyu ina zai samu filin ɗaukar gudu? Naɗe min."

Mai shagon ya buɗe baki, ya tuna shi ɗan kasuwa ne, ya rufe.

Kwana biyu aka yi ana aikin shimfiɗa babbar hanya. Tunda mita biyu kawai ake buƙata, sai da aka nema wa sauran arba'in da takwas aikin yi. Wayar ta tashi daga bayan akwatin intanet, ta juya wa na'urar baya, ta nufi kicin. Ta bi ta bayan firji domin saƙo ya sha sanyi. Ta fita baranda ta shaƙi iska, ta shigo ta tagar ɗakin kwana, ta zagaye kabad sau biyu, ta ratsa ƙarƙashin ƙofar banɗaki, inda ƙofar ke taune ta duk shiga da fita. Inda ta ƙi lanƙwasa, Darakta ya lanƙwasa ta da gwiwa. Inda ta ƙi zama a bango, ya buga mata ƙusa ta tsakiya, don a cewarsa waya ma tana buƙatar tarbiyya. Daga ƙarshe ta dawo falo a gajiye, ta shiga na'urar da ke taku biyu daga inda ta taso.

An yi bikin buɗewa. Ya ɗaura ƙyalle ja tsakanin kujeru biyu, ya ɗauko almakashi.

"Maigida, a dai duba da kyau wanda za a yanka," in ji uwargida, tana shanya tawul a kan ɓangaren da ya bi ta baranda.

Ya kunna wasan ya lumshe ido. "Kin ji? Kin ji yadda yake tafiya? Ko iskar ɗakin ta canza." Lambar kusurwa tana nan ja a ɗari da tamanin. Darakta ya ce ai sabuwar waya sai ta saba da gida.

Ranar Asabar falo ya cika. Ga maƙwabcinsu mai kemis, ga tsohon direban ma'aikata, ga yayar uwargida da ta zo musamman da kujerarta ta roba. Darakta ya tashi ya gyara wuyan riga.

"Jama'a, ku zama shaida. Duk ƙwallon da aka taɓa ci na, jinkiri ne ya ci. Ranar da lambar can ta sauko ƙasa da ashirin, babu ɗan adam mai numfashi da zai zura min ƙwallo. Na sa wannan a rubuce."

Ya faɗi haka ne da kwanciyar hankali, domin ya saci kallon lambar, ya ga aminiyarsa tana nan ja wur.

Ana cikin tafi sai ga 'yarsa ta shigo daga wurin aiki. Ta gaida mutane, ta leƙa bayan akwatin intanet, ta yi tsaki.

"Baba, ai fitilar ramin da ka cusa wayar ba ta kama ba. Ƙusa ta kashe wayar. Duk makon nan a waifai kake."

Kafin kwamiti ya zauna, ta zaro wata 'yar siririyar waya toka-toka daga jaka, ta cusa nan, ta cusa can. Ƙas, ƙas. Lambar ta faɗo daga ɗari da tamanin zuwa goma sha biyu, ta koma kore shar.

"Sha biyu!" in ji mai kemis. "Darakta, yau tela ya shiga uku!"

Falo ya kaure da murna. Mutum ɗaya ne bai yi murna ba. Darakta ke nan. Shekara guda yana tsine wa jinkiri, yau jinkiri ya tafi ya bar shi shi kaɗai da yatsunsa. Ya ce a ƙa'ida ba a amfani da kayan da ba a yi wa gwaji ba. Yayar uwargida ta ce ai gwajin ke nan za a yi yanzu, kuma tela ya riga ya shigo.

Kai, ban taɓa ganin biyayya irin ta ranar nan ba. Duk abin da Darakta ya danna, a take 'yan wasansa suke aikatawa, babu ƙari babu ragi. Ya danna, mai tsaron gidansa ya fito yawo har tsakiyar fili. Ya danna, ɗan bayansa ya miƙa wa abokin gaba ƙwallo cikin ladabi. Ya danna da ƙarfi, kyaftin ɗinsa ya juya ya narka ƙwallo a ragar gida, irin cin da ko tela bai taɓa yi ba. Sau ɗaya bakinsa ya buɗe, "Na dan..." sai idonsa ya faɗa kan koriyar lambar, ya haɗiye sauran. Tsohon direba ya ƙura wa silin ido, don ba ya son ganin ubangidansa a wannan hali.

Bakwai da babu.

Wayar uwargida ta yi ƙara. Ta duba, ta sa a lasifika, don ita mace ce mai son a ji gaskiya tare.

"Yaya, don Allah ka yi haƙuri," in ji muryar tela. "Yau ban ba ka wasa mai kyau ba. Waifai ɗin maƙwabci nake kamawa ta taga, sai yankewa yake yi. Ga wata riga da nake sa wa maɓalli a tsakani. In ka ga dama mu sake ranar da tawa ta gyaru."

Babu wanda ya yi dariya. Yayar uwargida ce kawai ta fita baranda da sauri, aka ga tawul ɗin da ke kan wayar mita hamsin yana rawa.

Uwargida ta buɗe dandalin iyali ta miƙa masa wayar. Darakta ya karɓa, ya yi gyaran murya sau uku, ya danna, ya faɗi kalmomin nan uku da muryar da ba ta taɓa shiga ɗakin taro ba. Sannan ya ɗago da ɗan sauran sa rai a idonsa.

"Wataƙila ma saƙon ba zai tafi ba. Kun san halin intanet ɗin gidan nan."

"Ya tafi, Baba," in ji 'yarsa. "Har mutum tara sun saurara."